Zuwa Barkar Bakwaini a Babban Mutum

Hanya biyu ce ke kai mutumin Kano Babban Mutum. Gajerar ita ce ta Kunya da Babura, wadda direbobin da ke lodin Magarya suka fi bi. Doguwar kuwa sai an ratsa Dambatta da Kazaure an shiga Daura, sannan a karya gabas ta Zango da Baure. Doguwar na bi, ba don sha'awar zaman mota ba, sai don Goggo da ke Daura ta rantse ba za a je barkar nan a bar ta ba. Ɗiyar yayata ce ta haihu, haihuwar fari, cikin bai cika wata takwas ba. Yaron ya zo da nauyin kilo 1.8, ya yi kwanaki a kwalba a asibiti, aka sallamo su zuwa gidan Yaya inda za a yi wankan jego. Saƙon da Yaya ta aiko mini gajere ne: in zo da sabulu mai yawa, kada in zo da turare.

Tsakiyar hunturu ne. Tun daga Kazaure hazo ya rufe duwatsu, fasinjoji kowa ya naɗe hanci, kuma a wurare da dama ana hango aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai bi ta Daura. A tashar Daura na tarar da Goggo zaune kan ƙullin kayanta tun hantsi. Ba ta bari mun kama hanya ba sai da ta kwance ƙullin ta nuna mini abin da ke ciki: jar kanwa, kwalbar zuma, tandun kwalli, dabino, ruwan zamzam cikin 'yar gora, da turaren wuta na haɗin hannunta. Na ga turaren na yi shiru. Wanda ya san Goggo ba ya fara musu da ita a tasha.

Daga Daura zuwa gabas ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi. An gama girbi, karan gero a tattare, gonaki sun yi fari fat, gawo kaɗai ke da ganye, awaki na zagaye gindinsa. Zango da Baure ba ƙananan garuruwa ba ne a tarihin masarautar. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Daura na dauri a can suka kafa kujerunsu, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon sarautar Daura. Goggo ta san wannan fiye da ni, amma ba shi ne a ranta ba. Tun daga Zango take lissafa mini bakwainin da ta gani sun rayu a zamaninta ba tare da kwalba ba: ana naɗe su cikin auduga, a kulle ɗaki, a hura wuta, kada wanda ya gan su sai bayan arba'in. Na ce mata rabin maganarta likitoci ma sun yarda da ita. Ta ce wane rabin? Na ce mu isa tukuna.

Babban Mutum na ƙaramar hukumar Baure ne, a bakin iyaka. Ƙetare kaɗan ka shiga Nijar ta hanyar Magarya, kudu kaɗan kuma kana Jigawa. Garin yana numfashi ne da iyakar nan. Da aka rufe ta a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, har mai tuyar ƙosai ta ji a jikinta. Dangi kuwa ba su san shinge ba. Rabin waɗanda na tarar sun zo barka daga tsallake suke, kuma wannan shi ne ya sa aikin Yaya ya yi nauyi.

Tsakar gidan a share take tas, kamar kowane gidan da ake jego. Abin da ban saba gani ba shi ne a ƙofar ɗakin mai jego: tabarma, Yaya a zaune kanta ta tare hanya, ga buta, ga sabulu a murfin kwano, ga roba ta tarar ruwa. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Zauna ki huce, ki sauya mayafin nan da ya sha ƙurar hanya, sannan ki wanke hannu har gwiwar hannu. Zoben ma cire shi." Ni na yi. Goggo ta tsaya tana kallonta.

"Ina da alwala," in ji ta.

"Allah ya karɓa, Goggo. Bayan alwalar kin riƙe kuɗi, kin riƙe ƙofar mota, kin gaisa da mutum nawa?"

"Ni na wanke uwarki ranar da aka haife ta... a'a, ubanki. Yau ni za a koya wa tsabta?"

"Ba koya maki nake ba. Malamar asibiti ta ce ko Sarki ne ya zo sai ya wanke."

Goggo ta ce Sarki ba ya shiga ɗakin jego, aka yi dariya, ta miƙa hannu aka zuba mata ruwa.

Maganar alwalar nan na ji ta daga bakuna da yawa a zamana, kuma ba raini ba ne ke kawo ta. Mutanenmu masu wanke hannu ne sau biyar a yini, ga tsarki, ga wanka, ga shara safe da yamma. Matar da aka ce wa ta wanke hannu kafin ta ɗauki jariri tana jin an kira ta ƙazama ne a gaban jama'a. Amma tsabtar da ido ke gani daban take da wadda bakwaini ke bukata. Garkuwar jikin da jariri ke fitowa da ita aro ce daga uwa, ta mabiyiya take wucewa, kuma mafi yawanta a watanni ukun ƙarshe na ciki take wucewa. Wanda ya fito da wuri bai karɓi rabonsa cikakke ba. Fatarsa siririya ce, huhunsa bai gama ƙwari ba, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Murar da babba zai sha shayi da citta ya wuce kasuwa da ita, ita ce za ta mayar da wannan yaron kwalba, in ma an kai shi da wuri. Ƙwayoyin cutar kuma ba daga bola suke zuwa masa ba galibi, a tafin hannun masu ƙaunarsa suke zuwa. Ruwa kaɗai ba ya ɗebe su sosai, sai an cuɗa da sabulu, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.

A cikin ɗakin babu komai sai gado da gidan sauro, tabarma, da akwati. Yaya ta sa an kwashe jeren kwanuka da labule masu nauyi, wai matattarar ƙura ce. Ba a share ɗakin da tsintsiya a bushe. Da safe ana yayyafa ruwa, mai jego ta koma ɗakin Yaya da yaron, a share, a goge gado da akwati da tsumma mai laima, sai ƙura ta kwanta su dawo. Tagar a rufe take da yadi mai shara-shara, iska na shiga, ƙura na tsayawa. Na duba gado ban ga jariri ba. Sai ɗiyar tawa ta ɗan buɗe wuyan rigarta. Yana kwance a tsaye tsakanin nonuwanta, daga shi sai hula da safa da ɗan ƙyallen kunzugu, kunnensa a kan ƙirjinta, ƙafafunsa a tanƙwashe, an ɗaure shi da zani ta ƙarƙashin kunne yadda hancinsa ke a sarari. Yatsunsa duka biyar ba su rufe kan babban yatsana ba.

Goggo ta yi salati. Goyo a gaba, ba riga, da sanyin nan? Wannan goyon ƙirji a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, lokacin da wani likita, Edgar Rey Sanabria, ya rasa kwalaben da za su ishi jariran asibitinsa, ana cusa biyu ko uku a kwalba ɗaya suna ɗaukar cuta daga juna. Ya mayar da su jikin iyayensu mata. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, Indiya da Gana da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga. An ga cewa fara goyon nan tun daga haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kusan kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta ga duk bakwaini, awa 8 zuwa 24 a rana. Ɗumi ne babban amfaninsa, da saukar nono. Amma a gidan Yaya na lura da wani amfanin da ban taɓa ji an faɗa ba. Jaririn da ke kwance kan gado kowa zai miƙa hannu ya ɗauka, a yi ta yawo da shi daga cinya zuwa cinya, ana sumbata, ana tofa addu'a. Wanda ke cikin rigar uwarsa kuwa, kunya ba ta barin kowa ya kai hannu. Sai dai a leƙa daga nesa a ce tubarkalla.

Na ce wa Goggo ga rabin maganarta nan: ɗumi, da ɓoye yaro daga jama'a. Tsofaffinmu sun gano wannan tun kafin a san sunan ƙwayar cuta, ko da sun kira abin da suke gudu baki ko maita. Ɗaya rabin shi ne wuta a rufaffen ɗaki. Hayaƙin itace da na gawayi, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, duk huhun da bai nuna ba ba ya ɗaukarsu, gawayi a ɗakin da ba iska kuwa babba ma yana kashewa. Don haka tukunyar ruwan wanka can bayan gida aka girka ta, nesa da taga, kuma in mai jego ta fito daga wanka sai ta sauya zani ta huce kafin a mayar mata da yaron. A wannan tsakanin Yaya ce ke goya shi a nata ƙirjin. Turaren Goggo a zaure aka kunna shi, maza suka ji daɗinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita mai jegon ba ta cewa uffan. Ɗan fari ne. A al'adarmu ba ta da bakin nuna damuwa da shi gaban manya, ko sunansa ba za ta kama ba, in ana maganarsa sai ta sunkuyar da kai. A asibiti ita aka zaunar aka yi wa bayani dalla-dalla, ita ta san komai, kuma ita ce mutum ɗaya a gidan da ba za ta iya ce wa surukarta ko goggon mijinta "kada ki taɓa" ba. Da ba Yaya a ƙofa, da duk bayanin nan a banza ya tafi. Ina ganin ma'aikatan lafiyarmu suna kuskuren wanda za su yi wa magana. Ranar sallama kakar ya kamata a kira a zaunar, da mijin, a faɗa masu da baki, a ba su izinin fakewa da asibiti. Yaya da wannan take yaƙi. Ba ta taɓa cewa "ni na hana" ba, kullum "malamar asibiti ta ce". Mai tari ko mura a tsakar gida take tsayar da ita, ta kawo mata fura, ta karɓi barka a madadin mai jego. Yara ba sa shiga sam. Wata 'yar uwa da ta taso tun daga ƙauyen Magarya a kan babur, da majina a hancin ɗanta, ta koma ba ta ga jariri ba, ta tafi da fushi. Yaya ta ce fushin zumunta ana shirya shi da goro.

Ba ƙaramin al'amari ba ne kuma in aka duba yawan gidajen da ke cikin wannan hali. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 a shekarar 2020, kusan ɗaya cikin goma, kuma Najeriya na cikin ƙasashe ukun da suka fi yawansu, bayan Indiya da Pakistan. Kwalba ba ta riƙe yaro har abada. Yawancin kwanakin haɗarin a ɗaki irin wannan ake yin su.

Ƙullin Goggo a hankali aka bi shi. Kanwa ta shiga kunu, amma kaɗan, don Yaya ta ji labarin yadda yawan kanwa da zafin jego ke kumbura masu jego ya taɓa masu zuciya, abin da likitocin Zariya suka rubuta a kai tun shekarun 1970. Dabino mai jego ta cinye. Zuma aka ce sai yaro ya shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Kwalli na dutse yana da dalma, ga shi da maciyi ɗaya ake zizara wa kowa, aka ajiye. Zamzam ne ya fi wuya. Goggo ta ce wannan kam ba mai hana ta. Aka daidaita a kan uwar ta sha da niyyar ɗanta, tunda abin da ta sha shi ya sha. Ban san hukuncin malamai a kan wannan dabarar ba sai dai ta raba gardama, kuma ba abin da ya shiga bakin yaron sai nono.

Nonon ma da nasa aikin. Yaron ba ya iya tsotso ya daɗe, sai ya gaji ya yi barci. Don haka bayan ya ɗan kama, uwar na wanke hannu ta tatsa cikin ƙaramin kofin silba, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓe, shi ke lasa da kansa, ba a ɗura masa. Duk bayan awa biyu zuwa uku ake yi, dare da rana, ko yana barci a tashe shi. Wata maƙwabciya ta kawo fida sabuwa a kwali a matsayin barka. Yaya ta yi godiya ta jefa ta akwati. Kan fida da lungunanta ba sa wankuwa, nono na maƙalewa ya lalace, gudawa kuma ga yaro mai kilo biyu ba ta ba da lokaci. Kofi kuwa a fili yake: a wanke da sabulu, a tafasa, a kife a cikin kwano mai murfi saboda ƙuda. Ruwan da ake wannan aikin da shi na tuƙa-tuƙa ne, an tafasa an zuba a jarka mai murfi, ba na randar tsakar gida ba da kowa ke tsoma moɗa. Ƙyallayensa daban ake wankewa, a shanya a igiya cikin rana, ba kan danga ba inda kaji ke hawa. Awaki da kajin ma an yi masu shinge can kusurwa. Duk wannan yana cin itace da sabulu da ƙarfin 'yan matan gidan masu ɗebo ruwa, kuma sabulun da na kawo da nake ganin ya yi yawa, kafin in taso an ci rabinsa.

Ungozomar unguwa tana zuwa kullum da safe, tsohuwa mai fara'a wadda ta yanke cibin rabin yaran layin. Ba ta ji daɗin hana ta wankan jariri ba. A ganinta yaron da ba a dirje shi da ruwan zafi safe da yamma ba zai tashi da ƙarni. Amma wanka na zuƙe ɗumin bakwaini cikin 'yan mintuna, shi ya sa goge shi kawai ake yi da tsumma mai ɗumi, da rana tsaka, wuya da hammata da matsematsi, gaɓa ɗaya a buɗe sauran a rufe. Cibin ya riga ya faɗi, wurin bai gama bushewa ba, ta so ta gasa shi da tsumma da tsingaro, ta shafa man shanu. Nan ma aka ce a'a. Ta cibi cuta ke samun ƙofa zuwa jini, har da tetanus mai sandarar da jariri ya kasa kama nono. Man kilohekzidin aka shafa masa a kwanakin farko, irin wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa gida-gida a 2013 kafin ya bazu, wanda ba a yarda ya kusanci ido ba. Yanzu sai dai a bar wurin a bushe, a naɗe kunzugu ƙasa da shi. Yaya ba ta kori ungozomar ba. Ta bar mata wankan mai jego gaba ɗaya da damun kunu, ta kuma roƙe ta ta riƙa duba yaron da idonta na gwaninta: in ya ƙi nono, in numfashi ya yi sauri ko haƙarƙari na lotsawa, in jiki ya yi zafi ko ƙafa ta yi sanyi ƙalau, in tafin hannu ya yi rawaya, in cibi ya yi ja ko ya fara ruwa. Ko ɗaya aka gani ba jiƙo, ba jiran gari ya waye, an riga an yi magana da mai motar da za a buga wa waya. Tsohuwar ta riƙe wannan aikin da muhimmanci, har ita ke tambayar baƙi ko sun wanke hannu.

Suna an raɗa shi ranar bakwai a masallaci, an yanka rago, taron mata aka ɗage sai bayan arba'in. Saura wanzami. Ya zo har sau biyu yana tuni, ga askin suna ba a yi ba, ga belu ba a cire ba. Goggo na bayansa, ta ce yaron da ba a cire wa belu ba ba ya ƙiba. Ranar awo muka raka su asibitin garin, aka ɗora shi a sikeli, ya haura kilo biyu da ɗan ɗoriya, malamar ta rubuta a kati ta ce a dawo mako mai zuwa. Da Goggo ta kawo maganar belu, malamar ta ajiye biro ta ce mata ƙarfen da ya shiga maƙogwaron wani yaro jiya, da jinin da wannan ba shi da rarar da zai zubar, in aka haɗa su ita ba ta da abin da za ta iya yi masa a nan. Goggo ba ta amsa ba, ba ta kuma sake ɗaga maganar ba.

Mijin Yaya ne ya kashe zancen wanzamin a zaure. Ya ba shi kuɗin aikinsa cif da kason namansa kamar ya yi, ya ce aski in yaro ya yi ƙwari za a aiko, da sabuwar reza daga kanti, belu kuwa a bar masa abinsa. Wanzamin ya ƙirga kuɗi, ya yi wa yaro addu'a daga nan zauren, ya rataya zabirarsa. Goggo ta ce za ta zauna har arba'in ta karɓi Yaya tsaron ƙofa, ni kuma na samu motar Babura na dawo ta gajerar hanya.